Tambaya da Amsa: Mai Shan Ƙwayar Tazarar Haihuwa Tana Buƙatar Kwaroron Roba?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan da yawansu a kan batu ɗaya suke, wato haɗa ƙwayar tazarar haihuwa da kwaroron roba. Na zaɓi biyar daga ciki, na gajarta su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, kuma wata takwas ke nan ina shan ƙwayar tazarar haihuwa, irin mai guda 28 a kati. Ranar da na je karɓar sabon kati sai ma'aikaciyar jinya ta haɗa mini da kwaroron roba, ta ce in ajiye a gida. Kunya ta hana ni tambayar dalili. Maigida ya ce tunda ina shan ƙwaya wannan wahalar banza ce. Shin ƙwayar ce ba ta isa ba?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙwayar ta isa ta hana ciki muddin ana shanta kullum ba fashi, don haka maigida yana da gaskiya ta wannan fuska. Sai dai ma'aikaciyar jinyar ma ta san abin da take yi, domin akwai ranakun da ƙwaya take barin giɓi, akwai kuma wani aiki da ba ta yinsa ko kaɗan.

Irin ƙwayar da kike sha tana ɗauke da sinadarai biyu masu kwaikwayon waɗanda jikin mace yake samarwa da kansa, wato istirojin da furojestin. Babban aikinsu shi ne hana ƙwai fitowa daga ma'ajiyarsa kowane wata, sannan suna sa ruwan da ke bakin mahaifa ya yi kauri har maniyyi ya kasa ratsawa. Idan mata suna shanta daidai, kimanin 3 ne kacal cikin 1,000 suke ɗaukar ciki a shekarar farko. Amma idan aka ƙirga mata kamar yadda suke a zahiri, da mantuwarsu da tafiye-tafiyensu da ranar da kati ya ƙare ba a samu zuwa karɓo wani ba, adadin yana hawa zuwa kimanin 7 cikin 100. Wannan tazara tsakanin alƙaluman biyu daga mu masu sha take fitowa, ƙwayar ba ta canza ba. Shi ma kwaroron roba na maza haka yake: kimanin 2 cikin 100 ga masu amfani da shi daidai a kowace saduwa, kimanin 13 cikin 100 kuma idan aka haɗa da masu sa shi yau su bari gobe. Idan aka haɗa hanyoyin biyu, sai duk sun kuskure a lokaci guda kafin ciki ya shiga, shi ya sa haɗarin yake raguwa sosai.

Ga ranakun giɓin. Idan mace ta fara shan ƙwaya a cikin kwana 5 na farkon al'adarta, kariya ta fara nan take. Idan kuwa a wani lokaci daban ta fara, sai ta yi kwana 7 tana sha a jere kafin ta dogara da ita, kuma a waɗannan kwanaki kwaroron roba ne kariyarta. Idan ta manta ƙwaya ɗaya, ta sha da zarar ta tuna, ko da hakan ya sa ta sha biyu a yini ɗaya, kuma ba ta buƙatar wani ƙari. Idan ta manta biyu ko fiye a jere, ta sha ta ƙarshen da ta manta, ta bar sauran, ta ci gaba da katin yadda ta saba, sannan a yi amfani da kwaroron roba ko a dakata da saduwa har sai ta sha ƙwaya bakwai mai sinadari a jere. Haka nan idan ta yi amai a cikin awa biyu da shan ƙwaya, to a ɗauka ba ta shiga jiki ba, ta sake shan wata. Amai ko gudawa mai tsanani da ya kai kwana biyu ko fiye kuwa hukuncinsa ɗaya da na wadda ta manta. Takardar da ke cikin kwalin ƙwayarki tana iya bambanta kaɗan da wannan, domin yawan sinadarin ba ɗaya ba ne a kowane iri, saboda haka ki karanta ta ki ajiye, kada ki yar da ita tare da kwali.

Akwai abin da mata da yawa suke fahimta a juye, kuma ina so ki lura da shi. Ɗauko katinki ki duba. A mafi yawan kati mai 28, guda 21 na farko su ne masu sinadari, bakwai na ƙarshe kuma, waɗanda launinsu ya bambanta, babu maganin hana ciki a cikinsu. An sa su ne don kada hannu ya daina sabawa da ɓalle ƙwaya kullum, wasu kuma an zuba musu sinadarin ƙarin jini. A wannan mako na ƙarshe ma'ajiyar ƙwai tana fara farfaɗowa a hankali, sai sabon kati ya zo ya sake kwantar da ita kafin ta kai ga sakin ƙwai. Saboda haka mantuwa mafi haɗari ita ce wadda take tsawaita wannan hutu, wato a farkon kati ko a mako na uku, ba a tsakiya ba kamar yadda ake zato. Matar da ta ce bari jini ya gama ɗaukewa tukuna kafin ta fara sabon kati, ko ta jinkirta kwana uku saboda ba ta samu zuwa asibiti ba, ta fi shiga haɗari a kan wadda ta tsallake rana ɗaya a mako na biyu. Idan mantuwar biyu ko fiye ta faru a mako na uku, ki gama masu sinadarin da suka rage, ki tsallake bakwai ɗin nan, ki fara sabon kati washegari. Idan a makon farko ne kuma an sadu ba kariya a cikin kwana 5 da suka gabata, ki nemi maganin hana ciki na gaggawa, domin maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace yana jiran ƙwai.

Aikin da ƙwaya ba ta yi kuwa shi ne kariya daga cuta. An fara amincewa da ita a matsayin maganin hana ciki a Amurka a shekarar 1960, fiye da shekara ashirin kafin duniya ta san cutar ƙanjamau a 1981, kuma tun asali don hana ciki kaɗai aka yi ta. Ba ta tare ƙwayar cutar HIV, ba ta tare ciwon sanyi, ba ta tare tunjere ko ciwon hanta mai nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana ana kamuwa da cututtukan saduwa masu warkuwa fiye da miliyan 1 a faɗin duniya, kuma akasarinsu ba sa nuna wata alama. A cikin dukkan hanyoyin tazarar haihuwa, kwaroron roba ne kaɗai, na maza da na mata, yake haɗa hana ciki da rage kamuwa da waɗannan cututtuka.

Idan ke da maigida kun yi gwaji kun tabbatar da lafiyarku, kuma babu wanda yake da wata hulɗa a waje, ba lallai ne ku riƙa amfani da shi a kowace saduwa ba. Ku ajiye shi a matsayin ko-ta-kwana na ranakun da na lissafa. Ina kyautata zaton abin da ma'aikaciyar jinyar take nufi ke nan, kuma da kin tambaye ta da ta faɗa miki cikin minti biyu.

Likita, an gano matata tana da tarin fuka, an kuma ɗora ta a kan magani na wata shida. Tana shan ƙwayar tazara tun kafin haka. Wani abokina ya ce maganin kashe ƙwayoyin cuta yana karya ƙwayar tazara. Gaskiya ne? Ba ma son ciki ya shiga tana cikin wannan jinya.

Malam, Allah ya ba ta lafiya. Maganar abokinka gaskiya ce a kan maganin matarka, amma ba a kan kowane magani ba. A cikin magungunan tarin fuka akwai rifamfisin, shi ne wanda yake mayar da fitsari, wani lokaci har hawaye da gumi, launin ja-ja mai kama da ruwan goro. Na san kun lura da hakan. Wannan magani yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da sinadaran ƙwayar tazara da sauri fiye da ƙima, ta yadda abin da ya rage a jini ba lallai ne ya isa ya hana ƙwai fitowa ba, ko da kuwa ba ta taɓa mantawa da ƙwaya ɗaya ba. Hanta ba ta komawa yadda take a ranar da aka daina maganin, shi ya sa ake cewa a ci gaba da kwaroron roba har kwana 28 bayan an gama.

Wata shida da ƙarin wata guda lokaci ne mai tsawo, kuma dogaro da kwaroron roba kaɗai a duk tsawonsa yana buƙatar kada a yi sakaci ko sau ɗaya. Shawarata ita ce ku koma wurin masu tazarar haihuwa ku gaya musu sunan maganin da take sha. Allurar wata uku da robar da ake sa wa a mahaifa ba su damu da rifamfisin ba, don haka ana iya mayar da ita kan ɗaya daga ciki. Ashanar da ake sa wa a ƙarƙashin fatar hannu kuwa tana raunana kamar yadda ƙwaya take yi, saboda haka ba ita ce mafita ba. Abin da ba za a yi ba ko kusa shi ne dakatar da maganin tarin fuka ko rage shi saboda ƙwaya, domin katse shi yana iya sa cutar ta bijire wa magani.

Wasu magungunan farfaɗiya, irin su karbamazefin da fenitoyin da fenobabiton, suna yin irin wannan aiki a hanta, haka ma wasu daga cikin magungunan HIV. Amma magungunan kashe ƙwayoyin cuta na yau da kullum, kamar amoksisilin, bincike bai nuna suna rage ƙarfin ƙwaya ba, sai dai idan sun jawo amai ko gudawa, wanda wannan kuma dalili ne daban.

Likita, sau biyu ke nan kwaroron roba yana fashe mana. Muna ɗan shafa basilin saboda bushewa. Wani ya ba ni shawara in riƙa sa biyu a haɗe. Matata tana shan ƙwaya, amma hankalina ba ya kwanciya.

Kusan na tabbata basilin ɗin ne ya jawo muku. Mafi yawan kwaroron roba da wata irin roba mai suna lateks ake yinsa, kuma duk abin da yake da maiƙo, basilin ne ko man shafawa ko man jarirai, yana cinye ƙarfin lateks cikin 'yan mintuna. Haka ma wasu magungunan ƙaiƙayi da mata suke matsawa ko shafawa a gaba suna da maiƙo a ciki. Ku nemi man santsi da aka yi shi da ruwa ko silikon domin wannan aiki, ana samunsa a wurin sayar da magani. Shawarar sa biyu kuwa ka yi watsi da ita, domin gogayyar roba da roba ita ce take yaga su. Haka kuma ba a haɗa na maza da na mata a lokaci guda.

Sauran dalilan fashewa ƙanana ne amma su ne suka fi yawa. Duba kwanan watan lalacewa a jikin ledar. Matsa ledar da yatsa kafin ka buɗe. Idan ka ji 'yar iska a ciki tana turo yatsanka, ba ta huje ba, idan kuwa ta lafe ko robar ta bushe ko tana danƙo, ka yar. Wanda ya yi watanni a cikin walat ana zama a kansa, ko a cikin mota rana tana dukansa, bai cancanci a amince da shi ba. A yage ledar da hannu daga gefe, ban da haƙori ko almakashi. A matse ɗan kan nan da yatsa biyu don iska ta fita kafin a warware shi har ƙasa, domin iskar da ta maƙale a nan ita ce take fasa shi. A sa shi tun kafin jiki ya haɗu, ba sai an kusa gamawa ba, kuma a riƙe bakinsa lokacin janyewa tun gaba bai kwanta ba. Kowane ɗaya sau ɗaya ake amfani da shi.

Game da kwanciyar hankalinka, idan mai ɗakinka tana shan ƙwayarta daidai, fashewar kwaroron roba ba ta buƙatar maganin gaggawa na hana ciki, domin ƙwayar tana nan tana aikinta. Idan fashewar ta zo a cikin ranakun da ta yi fashin sha, to a nemi maganin da wuri. Mai sinadarin lebonojestirel ya fi aiki a cikin awa 72, wani irin kuma da robar mahaifa mai jan ƙarfe suna kaiwa kwana 5. Wanda kuma lateks yake sa shi ƙaiƙayi ko kumburi, akwai irin da ba a yi da lateks ba.

Ina shayarwa, jaririna wata huɗu, an ba ni ƙwayar masu shayarwa. Ina sha da ƙarfe tara na dare, amma wani lokaci barci yana ɗauke ni sai da asuba nake tunawa. Akwai matsala?

Akwai, 'yar'uwa. Ƙwayar masu shayarwa sinadari ɗaya ne a cikinta, furojestin kaɗai, kuma tsohon irinta ya fi dogara da kaurara ruwan bakin mahaifa, aikin da yake fara sakewa da zarar an wuce lokaci. Idan kin makara fiye da awa 3, ana ƙirga shi a matsayin fashi, kuma daga tara na dare zuwa asuba ya ninka haka. Ki sha da zarar kin tuna, ki ci gaba a kan lokacin da kika saba, sannan ku yi amfani da kwaroron roba na kwana 2. Irin da yake da sinadarin desojestirel yana ba da sassauci har awa 12, don haka ki duba sunan da ke jikin katinki ko ki tambayi wadda ta ba ki. Gaskiya ne shayarwa zalla tana ba da kariya a wata shida na farko idan al'ada ba ta dawo ba kuma jariri ba ya shan komai sai nono dare da rana, amma wannan kariya tana gab da ƙarewa a wurinki. Tunda dare ne yake cin ki, ki mayar da lokacin shan zuwa safiya, ki haɗa shi da wani abin da ba kya fashinsa.

Likita, maigidana ya je asibiti saboda zafin fitsari, aka ce ciwon sanyi ne, aka yi masa allura. Ni ba na jin komai, kuma ina shan ƙwaya. Ya ce tunda ya warke shi ke nan. Ina so in ce mu yi amfani da kwaroron roba, amma ina tsoron ya ce ina zarginsa.

'Yar'uwa, wasiƙarki ce ta fi damuna a cikin biyar ɗin nan, saboda rashin jin komai da kika ambata ba shaidar lafiya ba ce. Kalmar sanyi a bakinmu tana da faɗi, har ƙaiƙayin da ba ta saduwa ake ɗaukarsa ba ana kiransa sanyi. Amma idan likita ya tabbatar da gonoriya ce, ko 'yar'uwarta kilamidiya da suke yawan tafiya tare, to ta hanyar saduwa ake ɗauka, ba a bayan gida ba. A jikin namiji sukan yi saurin bayyana da zafin fitsari da fitar mugunya, a jikin mace kuwa sau da yawa shiru suke yi, suna hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai yake bi, su bar tabo da zai iya toshe shi. Daga nan ake samun ciwon mara da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ciki a wajen mahaifa, ko rashin haihuwa. Kina shan ƙwaya ne don ki huta ki sake haihuwa lokacin da kika shirya, kuma wannan cuta tana iya raba ki da wannan zaɓi ba ki sani ba.

Saboda haka magana ta wuce kwaroron roba kaɗai. Ke ma sai an duba ki an ba ki magani, ko da ba kya jin komai, kuma ku dakata da saduwa har kwana 7 bayan ku duka kun kammala magani. Idan aka yi wa ɗaya aka bar ɗaya, cutar komawa take yi ga wanda ya warke, a yi ta zagaye. Ya kamata kuma ku duka ku yi gwajin HIV da tunjere da ciwon hanta mai nau'in B, wanda yake da allurar riga-kafi ga wanda bai kamu ba. Gwajin HIV na gaggawa ba ya ganin sabon kamu nan take, don haka ana maimaita shi bayan wata uku, kuma a wannan tsakani ne kwaroron roba ya zama dole a kowace saduwa. A tsakanin ma'auratan da ɗayansu yake ɗauke da HIV, amfani da shi ba fashi yana rage yaɗuwar cutar da kimanin kashi 80 cikin 100 ko fiye. Ga cututtukan da suke zama a fata, kamar gyambon tunjere ko ƙwayar cutar da take jawo sankarar bakin mahaifa, kariyarsa ba ta kai haka ba, domin abin da ya rufe kaɗai yake karewa. Ki kuma sani cewa idan aka yi saduwa da ake tsoron an ɗauki HIV a cikinta, akwai maganin da ake sha na kwana 28 don hana kamuwa, amma sai an fara shi a cikin awa 72. Ƙwayarki kuwa kada ki daina sha a duk wannan lokaci.

Batun yadda za ki faɗa masa, ba sai kin buɗe maganar inda cutar ta fito ba, tunda tana iya daɗewa a jiki ba a sani ba, kuma gwaji ba ya nuna wanda ya riga wani ɗauka. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a shimfiɗa ba, ki gina maganar a kan lafiyarsa da taki. Kina iya cewa an gaya miki mace tana ɗauke da wannan cuta ba ta sani ba, kina tsoron ki mayar masa da ita bayan ya sha wahalar magani, don haka kina roƙon ya raka ki asibitin da aka duba shi. Da yawan maza abin da ba za su karɓa daga bakin matansu ba suna karɓarsa daga bakin likita, kuma likitan da ya yi masa allurar zai faɗa masa maganar kwana bakwai da ta kwaroron roba da kansa. Idan ya ƙi zuwa, ki je ke kaɗai da takardar maganin da aka ba shi, ki nuna, a duba ki.